Ba Ya Buɗewa: Abin da Ke Sa Kwamfutar Mai Wankin Hoto Ta Ƙi Wasu Hotuna

A shagunan wankin hoto da na buga takardu da ke garin Minjibir, da takwarorinsu na Kunya da sauran garuruwan ƙaramar hukumar, akwai wata magana da ta zama ruwan dare: "Malam, hoton nan naka ba ya buɗewa." Wanda aka faɗa wa yakan dubi wayarsa, ga hoton nan ɓaro-ɓaro a tafin hannunsa, sannan ya leƙa fuskar kwamfutar mai shago ya tarar babu komai sai wata farar alama da suna a ƙarƙashinta. Wani lokaci ko alamar ma babu. An kwafi hotuna goma sha biyar, manhajar da ke tura aiki ga firinta ta jero goma sha biyu, ta yi biris da sauran ukun kamar ba a taɓa ɗaukarsu ba.

Mai hange daga nesa zai ce wannan bai kai a yi masa sharhi ba. To amma a dubi wanda ke tsaye a bakin kantar. Ɗalibi ne da ya hawo babur daga Kantama ko Wasai, makaranta ta ce a kawo fasfo kafin a rufe rajistar NECO. Ƙanin ango ne da aka aiko a buga kalanda da sitika, saura kwana biyu ɗaurin aure. Ko kuwa magidanci ne da ya rasa mahaifinsa, hoton tsohon guda ɗaya da ya fito sosai yana wayar wani ɗan'uwa mai aiki a Legas ko Jidda, an turo, ana so a wanke babba a sa a firam. Kowannensu ya biya kuɗin abin hawa, ya baro gona ko kasuwa. Shi kuma mai shago janaretansa na ta shan fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowane minti nasa kuɗi ne. Idan an yi ta fama abu ya ƙi, shawarar da aka saba bayarwa ita ce, "Sai dai ka shiga Kano." Wuni guda ya tafi ke nan.

Abin takaicin shi ne, a mafi yawan lokuta hoton lafiyarsa ƙalau, kuma gyaran bai wuce na 'yan mintuna ba, ba ya cin ko kwabo. Saboda haka bai kamata a ci gaba da karɓar "ba ya buɗewa" a matsayin amsa ta ƙarshe daga bakin wanda ke cin abinci da hoto ba.

Hoton da ke cikin waya lissafi ne tsagwaronsa: miliyoyin ɗigo, kowane da lambar launinsa. Da za a ajiye lambobin nan yadda suke, hotuna kaɗan za su cika waya, don haka ake matse su bisa wata ƙa'ida, kuma duk manhajar da za ta nuna hoton dole ta san ƙa'idar da aka bi. Misali mafi kusa shi ne wasiƙa. Idan dattijo ya rubuta wa jikansa wasiƙa da ajami, jikan kuwa boko kaɗai ya iya, zai juya takardar ya ce bai ga komai ba. Wasiƙar ba ta lalace ba, mai karatu ne ba a samu ba.

Ƙa'idar da kusan kowace na'ura ta iya karantawa ita ce JPEG, wadda aka kammala a 1992. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana aiki, duk wani haƙƙin mallakar ƙirƙira da aka taɓa ɗora mata ya daɗe da ƙarewa, kuma daga kyamarar mai ɗaukar hoton biki har zuwa firintar Epson da ke kan teburin shago kowa ya san ta. Wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka fi yawa a hannun mutanen karkara, da ita suke ajiye hoto, shi ya sa masu su ba su cika gamuwa da wannan matsala ba.

Sauyin ya zo ne a watan Satumban 2017, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iOS 11, ya mai da wayoyinsa daga iPhone 7 zuwa sama suna ajiye hoto da wani sabon tsari mai suna HEIC. Dalilinsa mai kyau ne, domin hoton HEIC yakan ci kusan rabin wurin da JPEG ke ci ba tare da ido ya ga bambanci ba. Wasu wayoyin Samsung ma suna da wannan zaɓi. A shekarun farko abin bai shafi Minjibir ba. Amma tsofaffin iPhone da Turai da Amurka suka gama yayinsu ba sa mutuwa. Sukan biyo hanya su sauka a Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga nan su bazu zuwa hannun samari da 'yan kasuwa da amare. Da wayar ta iso, tsarinta ya iso.

Kwamfutar shago kuwa tana nan inda aka bar ta. A irin waɗannan shaguna na arewacin Najeriya ba abin mamaki ba ne a tarar da Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, da Photoshop CS6 na 2012, ko ma Photoshop 7 na 2002, da wani tsohon CorelDRAW. Duk an rubuta su kafin a haifi HEIC. Akwai kuma dalilin da ya sa aka tsaya a nan wanda ya wuce sakaci. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye ɗaya, ya koma karɓar kuɗin haya wata-wata da dala. Mai shagon da ke wanke fasfo a kan 'yan ɗaruruwan naira ba zai iya ba, sai ya riƙe tsohon kwafin da ubangidansa ya saka masa, wanda galibi ma ba na halak ba ne, ba ya karɓar sabuntawa.

Ko wanda ke da Windows 10 bai tsira kai tsaye ba. Dabarar matse hoto da ke cikin HEIC, wato HEVC, tana ƙarƙashin haƙƙin mallakar kamfanoni da dama masu karɓar kuɗin lasisi, shi ya sa Microsoft ba ta saka mabuɗinta kyauta a kowace kwamfuta ba. Ana sauke wani ɓangare kyauta daga shagonta na intanet, ɗaya ɓangaren kuma a saya a kan santi 99. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai dai biyansa na buƙatar katin da ke aiki a ƙetare, kuma daga 2022 har tsakiyar 2025 bankunan Najeriya da dama sun rufe wannan ƙofa ga katin naira. Ga yadda yarjejeniyar lasisi tsakanin manyan kamfanonin duniya ta zo ta tsaya tsakanin wani magidanci da hoton mahaifinsa.

HEIC ce ta fi fitowa fili, amma ba ita kaɗai ba ce. Hoton da aka sauke daga intanet, kamar tambarin jam'iyya ko furen da za a ƙawata katin gayyata da shi, sau da yawa yakan zo a tsarin WebP da Google ta fitar a 2010. Wannan ba a biyan lasisi a kansa, duk da haka Photoshop bai fara buɗe shi da kansa ba sai 2022. Mafi rikitarwa, wani lokaci fayil ɗin yakan zo da wutsiyar suna ta .jpg alhali cikinsa WebP ne, ambulan ta ce boko, takardar ciki ajami. Akasin haka ma na faruwa: fayil mai wutsiyar .jfif JPEG ne na gaske, suna kawai ya saɓa, kuma da an mai da wutsiyar .jpg manhajar da ta ƙi shi za ta karɓa. Daga nan ne wasu yaran shago suka ɗauki darasin da ba daidai ba, suka zaci canza suna maganin komai ne. Su goge .heic su rubuta .jpg, abu ya ƙi, sai su yanke hukunci cewa bairos ya ci hoton.

Akwai hanyar gane gaskiya da ba ta buƙatar data. Da farko a umarci Windows ta riƙa nuna wutsiyar sunayen fayil, domin a ɓoye take zuwa da su. Sannan a buɗe fayil ɗin da ake tuhuma da Notepad. Abin da zai fito tarkacen alamomi ne marasa ma'ana, amma a layin farko akwai shaida. JPEG yakan nuna JFIF ko Exif. PNG yakan faɗi sunansa. WebP yakan fara da RIFF, can gaba kaɗan a ga WEBP. HEIC kuwa yakan nuna ftyp da heic a manne. A rufe ba tare da an adana komai ba. Wanda ya san wannan ya daina duba, ya koma bincike, kuma abin da ya rage shi ne juya hoton zuwa JPEG da manhaja irin XnConvert ko GIMP, waɗanda ake saukewa sau ɗaya su ci gaba da aiki ba tare da intanet ba. XnConvert na iya juya hotunan biki ɗari a zama ɗaya.

Idan shaida ta nuna JPEG ne na gaske kuma har yanzu an ƙi shi, sai a dubi wanda ya taɓa shi a baya. Mai zanen da ya shirya kati a CorelDRAW yakan fitar da shi da launukan maɗaba'a huɗu, CMYK, alhali injinan wanke hoto da yawa launuka uku na RGB suke jira. Wasu su ɓata launin, wasu su ƙi nuna shi sam. Ƙananan firintocin da ake soka wa memori kai tsaye kuma sun fi kowa tsaurin kai, domin hoton da ya fito daga kyamara suke tsammani, a cikin jakar DCIM, kuma sukan tsallake wanda aka gyara a kwamfuta.

Sai kuma inda hoton ya samu rauni da gaske, kuma girman fayil ne ke tona wannan. Hoton waya na zamani yakan kai megabait ɗaya zuwa biyar. Idan aka ga sifili, ko 'yan kilobait, to turawar ce ta yanke a hanya, ko kuma ainihin hoton yana ajiye a iCloud ko Google Photos, abin da ke wayar inuwarsa ce kawai, sai an kunna data an sauko da shi. Memorin jabu, mai iƙirarin girman da ba shi da shi, yakan karɓi hotuna har ya cika a ɓoye, daga nan ya riƙa ajiye sunaye ba tare da ciki ba. Bairos ɗin filashi da ya addabi shagunan kwamfuta shi kuma ɓoye fayiloli yake yi, ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, hotunan suna nan ba su je ko'ina ba. A duk waɗannan, mafi munin abin da mai shago zai yi shi ne ya amsa tayin da Windows ke yi na a goge memorin a sake tsara shi. Danna maɓalli ɗaya na iya tafiya da hotunan suna da na aure na shekaru. Abin da ya dace shi ne a zare memorin, a daina ɗora masa komai, a gwada ceto da manhaja irin PhotoRec.

Yanzu sai maganar da ta fi muhimmanci, wato dabarun da ake yi a shago idan hoto ya ƙi buɗewa. Suna aiki, shi ya sa suka fi ƙin buɗewar haɗari, domin babu mai komawa ya tambayi abin da aka rasa.

Ta farko ita ce, "Yi masa sikirinshot ka turo." Sikirinshot hoton fuskar waya ne, girmansa girman fuskar. Wanki mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1,200 da 1,800, na firam mai inci 8 da 10 kuma 2,400 da 3,000. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da 4,032 da 3,024, ya isa har da ragi. Waya mai araha kuwa faɗin fuskarta ɗigo 720 ne, wanda bai kai inci biyu da rabi na wanki mai kyau ba. Fasfo zai iya fita da haka. Amma idan aka ja shi ya cika firam, fuskar tsohon nan za ta fito a dushe, furfurar gemu ta haɗe ta zama fari ɗaya, aikin hular ya narke. Iyalin za su rataye shi a ɗaki suna cewa ai wayar ce ba ta da kyau.

Ta biyu, "Turo ta WhatsApp." Nan akwai tarko mai baki biyu. Idan aka tura a matsayin hoto, WhatsApp yakan juya shi zuwa JPEG, ya buɗe lafiya, amma ya rage shi zuwa kimanin ɗigo 1,600 a ɓangare mafi tsawo, ya ƙara matse shi. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage asarar, bai kawar da ita ba. Idan kuma aka tura a matsayin dokumen, hoton yakan iso cikakke, amma yadda yake, HEIC ɗinsa, kwamfuta ta ƙi. Mai shagon da bai da manhajar juyawa yakan zaɓi na farkon a kullum, domin shi ne ke buɗewa, alhali na biyun ne ainihin dukiyar mai hoto.

Ta uku ta fi su muni. Yaron shago ya shiga intanet, ya nemi shafin da ke juya hoto kyauta, ya ɗora fayil ɗin can. A ƙasar da ake kaffa-kaffa da hoton matar aure, inda amarya ba ta yarda kowa ya ga hotunan kamunta ba, ana ɗaukar hotunan nan a miƙa wa wata kwamfuta da ba a san mai ita ba, ba a san ƙasar da take ba, ba a kuma tambayi mai hoton ba. Haka ake yi da hoton takardar NIN da na takardar shaidar haihuwa. Hoton waya yakan ɗauki bayanan ɓoye, ciki har da ranar ɗauka da, idan an kunna, ainihin wurin da aka tsaya. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI na Denver a Amurka ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara na amfani da irin waɗannan shafuka wajen kwasar bayanai da dasa mugayen manhajoji. Najeriya kuma tana da Dokar Kare Bayanai tun watan Yunin 2023. Ko babu doka, hoton da aka ba mai shago amana ce.

Ana iya cewa laifin na kamfanonin waya ne, su da suka canza tsari ba su yi shawara da kowa ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman batun lasisi. Amma ƙaramin fayil alheri ne ga wanda ke sayen data da awo kuma wayarsa ke cika kullum, kuma babu wanda zai tsayar da kamfanonin. AVIF da ta fito a 2019 tana nan tafe a bayan WebP. Ana iya cewa kuma mai waya ya gyara wayarsa, kuma lallai yana iyawa: a iPhone, cikin saitin kyamara, ƙarƙashin Formats, zaɓin Most Compatible yana sa sababbin hotuna su riƙa zama JPEG. Sai dai wannan ba ya taɓa hotunan da aka riga aka ɗauka, kuma ƙanin ango da aka aiko da filashi ba shi ne mai wayar ba.

Nauyin ya fi karkata ga mai sana'a, kuma a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. Minjibir ta yi suna da saƙa tun zamanin da, kuma masaƙin da aka kawo wa zaren da bai saba da shi ba ba ya cewa zaren ne ba ya saƙuwa. Yakan murza shi a yatsa ya gane irinsa tukuna. Mai wankin hoto da ke koya wa yara yanka fasfo da goge ƙurajen fuska a Photoshop ya kamata ya haɗa musu da duba wutsiyar suna da girman fayil, rabin yini ya isa. Shirye-shiryen gwamnati na koyar da fasahar zamani, irin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, sun fi mai da hankali ga rubuta manhaja da nazarin bayanai. Hakan na da kyau. Amma ga mafi yawan mutum 213,794 da ƙidayar 2006 ta samu a ƙaramar hukumar Minjibir, da waɗanda aka haifa bayansu, ƙofar shiga duniyar kwamfuta ita ce ɗan shagon nan na bakin tasha, kuma shi ne ba a cika tunawa da shi ba. Makarantu da hukumomin da ke neman a ɗora fasfo a shafukansu su ma suna da abin yi: su rubuta tsarin da suke so da girmansa a sarari, da Hausa, a manna a allon sanarwa.

Akwai dalili guda da ya rage, wanda ya shafi Bahaushe fiye da kowa. Wani lokaci hoton JPEG ne lafiyayye, girmansa daidai, launinsa daidai, amma tsohuwar manhajar firinta ta tsallake shi, saboda sunansa kawai. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma Unicode ta ba su gurbi tun farkon shekarun 1990. Sai dai manhajoji da yawa na da an gina su ne a kan ƙaramin jadawalin haruffan Yammacin Turai da ake kira Windows-1252, wanda babu ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Matashin da ya saka allon rubutun Hausa a wayarsa, ya sa wa jakar hotuna suna "Bikin Ɗahiru" ko "Ƙauye", ya yi rubutu daidai. Manhajar ta ga alamar tambaya a wurin harafin farko, ta nemi hanyar da babu ita, ta yi shiru. Haka take yi da sunan da aka rubuta da haruffan Larabci, ko aka ƙawata da 'yar zuciya. Har zuwa ranar da shagon zai samu sabuwar manhaja, abin yi shi ne a kwafi hoton zuwa wata jaka, a sa masa gajeren suna na lambobi, a wanke daga can, a bar wa mai hoto jakarsa da Ɗahirunsa yadda ya rubuta.